Godiya bayan an sallamo Baba daga asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya bayan la'asar aka sallamo Baba. Yanzu haka yana barci a ɗakina, karon farko cikin kwana tara babu robar ƙarin ruwa a hannunsa. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, shi ya sa na ce bari in sauke wannan nauyi tun kafin asuba. Kun bi mu tun ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a garin Lucera, a nan Italiya.

Masu tambayar me ya kai dattijo mai ciwon suga kan tudu a zafin Agusta, ku yi mini uzuri. Tun kafin ya sauka Italiya yake zancen Lucera. Shekara 30 ya yi yana koyar da tarihi, ya sha gaya wa ɗalibansa akwai gari a kudancin Italiya da Musulmi suka zauna kusan shekara 80. Sarki Firedirik na Biyu ne ya fara kwaso su daga tsibirin Sisili a shekarun 1220 bayan sun yi masa bore, suka zauna suna noman alkama, wasu suka zama maharba a rundunarsa. A Agustan 1300 Sarki Carles na Biyu ya turo sojoji aka watsa su, aka sayar da dubbai a matsayin bayi, aka kafa babbar cocin garin a inda ake cewa masallacinsu yake. Daga Foja inda nake aiki tafiyar ba ta kai rabin awa ba a jirgin ƙasa. Da wane baki zan hana shi?

Ya jima a gaban cocin yana motsa leɓe. Daga nan muka taka zuwa ganuwar nan ta jan bulo mai tsawon kusan mita 900, inda kufan fadar Firedirik yake, ya tsaya yana kallon gonakin da aka girbe shimfiɗe a ƙasa iya ganin ido. A hanyar dawowa ne ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Gumi mai sanyi ya keto masa, magana ta sarƙe. Wallahi duk Italiyancin da na koya ya gudu, da Hausa nake kiran a taimaka mini a titin da babu kowa, don kowa ya shige gida saboda rana.

Sai wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta yaye labulen ƙofarta. Kallo ɗaya ta yi masa ta koma, ta fito da ruwan sukari a kofi da jiƙaƙƙen tsumma. Ta zauna dirshan a kan dutsen titi, ta ɗora kansa a cinyarta, tana ba shi kaɗan-kaɗan tunda yana iya haɗiya, jikanta yana kiran 118, lambar motar asibiti. Carbinsa da ya faɗi ta ɗauka ta kakkaɓe, ta sa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai da nata hannun. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har yanzu. Likita ya ce wannan kofin ne ya riƙe shi kafin motar asibiti ta iso.

Kwana uku bayan haka sai ga ta a asibiti da hular Baba da na manta, ta wanke ta tsaf, da ɗan kwanon dafaffen wake da ganye. Ta sa jikan ya maimaita mini sau biyu cewa babu alade babu giya a ciki. Nonna (wato Kaka da Italiyanci), na san ba za ki karanta wannan ba, amma Allah Ya ji. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiya, Ya raya miki wannan yaro, Ya sa kada ki rasa mai tallafar kanki ranar da kike bukata.

Baba ya ce kada in kira suna, ladan kowa na wurin Allah. To, ba zan kira ba, amma zan nuna. Ɗan Maraɗi abokin ɗakina, ka bar tsinkar tumatir kwana uku ana tsakiyar kaka, na san abin da ka rasa. Malam limaminmu, kai ka riƙa yi mana tafinta da likitoci. Matan unguwa da suka riƙa aiko kunu, da Yaya Babba da ta kwana kan sallaya a gida, Allah Ya biya ku da Aljanna, Ya jiƙan magabatanku, Ya yaye muku abin da ke damunku.

'Yan uwanmu na Napoli, tafiyar awa biyu ce a mota. Sau biyu Baba yana ɗaga kai in an turo ƙofa. Na ce masa aiki ne ya riƙe ku.

Baba yana so mu koma Lucera ranar Asabar ya gaida tsohuwar nan, har ya ware dabinon da ya zo da shi. Likita ya yarda, amma a mota har ƙofar gida. Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, kuma don Allah kada a kawo masa lemo mai zaƙi.