Abin da na kwaso daga dasa injin mota a kwalekwale

Na bar garejin a ƙarshen watan jiya. Tunda abokai na ta kirana ɗaya bayan ɗaya suna tambayar dalili, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Kun dai san aikin: kwalekwalen gudu na masu hali a kudancin Fulorida ta Amurka, a cire tsohon inji a dasa sabo.

Injinan da ke cikin irin waɗannan jirage, yawancinsu asalinsu na mota ne. Shekara da shekaru kamfanonin injin jirgin ruwa irin su MerCruiser da Volvo Penta da Crusader suna sayen gangar injin GM, wato General Motors mai ƙera motocin Chevrolet, su yi mata kayan ruwa, su buga sunansu a kai. Nan ne mutane ke ruɗuwa. Mutum zai buɗe kundin Chevrolet ya ga sabon inji a akwatin katako, ƙarfinsa ya ninka na jirginsa, kuɗinsa bai kai na ɗan ruwa ba, sai ya ce ai duk abu ɗaya ne. Ogana ma haka ya ɗauka, ko kuma haka ya ga damar ɗauka.

Wani kwastoma ne ya kawo jirgi mai tsohon inji lita 5.7, yana son ƙarin ƙarfi. Oga ya yi odar LS376/525, lita 6.2, mai ƙarfin doki 525. Inji ne mai kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Amma gangarsa ɗaya da LS3 mai doki 430, kuma yawancin wannan ƙarin daga kamshaf yake zuwa, wato sandar da ke buɗe bawuloli tana rufe su. Kamshaf ne mai zafi, irin wanda ke barin bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi a buɗe tare na ɗan lokaci mai tsawo. A mota wannan ba komai ba ne, illa dai in inji na silo, wato yana aiki ba a taɓa totur ba, ya riƙa gurnani yana tsalle-tsalle, abin da samari ke so. A jirgi kuwa salansa jiƙaƙƙiya ce. Ruwan da ya gama sanyaya inji ana zuba shi ne cikin hayaƙi a ƙarshen gwiwar salansa, su fita tare. To idan inji na silo, bawuloli biyun nan kuma suna buɗe tare, injin kan ja numfashi baya ta salansa, ya tsotso ɗigon ruwa har bakin bawul. A Fulorida ruwan nan na gishiri ne.

Na faɗa masa tun ba a kwance akwatin ba. Na ce, "Oga, ko dai mu canza kamshaf mu sa mai sanyi, ko mu sa doguwar gwiwa da za ta nisanta ruwa daga bawul. In son samu ne duka biyun." Ya ce kamshaf ɗin shi ne 525 ɗin da kwastoma ya biya, kuma mutumin ya ji ƙarar a bidiyo, ita yake so. Doguwar gwiwa kuma ba za ta bar murfin ɗakin inji ya rufu ba sai an yi aikin fiba, shi kuwa ba zai kashe wannan kuɗin ba. Ya ƙare da cewa ya fi shekara talatin yana wannan sana'a. Na yi shiru na ɗaura abin da aka ce in ɗaura.

Abin da ya amince a saya shi ne abin da ido ke gani kuma doka ta tilasta: kik (na'urar tada inji) da altaneta masu hatimin SAE J1171, wato shaidar cewa ba sa fitar da tartsatsi, ragar tare wuta a bakin iska, tiyon fetur na ruwa. Wannan kam na yaba masa. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe, a jirgi kuwa taruwa yake a gindin ɗakin inji yana jiran tartsatsi guda. Ya kuma yarda da sanyaya na rufe, inda ruwan teku ke wucewa ta cikin bututun musayar zafi ya fita ta salansa ba tare da ya shiga gangar inji ba, tunda gangar wannan injin ta alminiyom ce kuma gishiri ba ya raga mata.

Ranar gwaji jirgin ya tashi lafiya, kwastoma har da tafi. Sai dai gidansa na can cikin magudanan ruwan unguwa, kuma kafin ya kai fili sai ya ratsa wuraren da doka ta hana gudu, wasu saboda gidaje, wasu saboda ayu. E, ayun nan da kuka sani, a can doka ce ke kare shi. Kenan kowace fita doguwar tafiya ce a silo, zuwa da dawowa. Ba a rufa wata biyu ba, wata safiya ya murɗa makulli, injin ya juya rabi ya yi ƙum. Ruwa ya shiga silinda, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. Kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistan, ya lanƙwashe.

Ni na buɗe injin, da hannuna. Da na zare filogi, ruwa mai tsatsa ya biyo. Baƙin mai ya koma ruwan madara. Bawulolin hayaƙi sun yi ja da tsatsa, gishiri ya daskare fari a cikin hanyoyin salansa, kuma a ɓangarorin injin biyu, kowanne da tasa gwiwar. Gasket ɗin gwiwa na cire su na ajiye a kan benci, busassu, babu alamar yoyo ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san gasket ɗaya da ya lalace ba ya jiƙa ɓangare biyu. Ina tsaye a wurin oga ya gaya wa kwastoma cewa makanikensa ne bai ɗaure gwiwar daidai ba, za kuma a hukunta shi. Wanda ya sayar da injin ya ce garantinsa na mota ne, babu ruwansa. Aka zaftare mini kuɗin ƙarshen shekara. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a garejin nan wani ya ja, ni na jiƙe.

Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne gyaran. Da aka zo sake haɗa injin, ba tare da ko uffan ba ya yi odar kamshaf mai sanyi da doguwar gwiwa, aka yi aikin fibar da ya ƙi yi da farko, aka rubuta wa kwastoma a matsayin "ƙarin inganci". Ni na haɗa. Jirgin na nan yana yawo har yanzu.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Injin jirgi ba ya hutawa: tamkar tirela ce ɗauke da siminti a Hawan Kibo, sai dai hawan ba shi da gangara, kana sakin totur ruwa ya riƙe ka. Mota na tafiya a kan babbar hanya da juyi wajen 2,000 a minti, jirgi kuwa zai yi awoyi tsakanin 3,000 da 4,000 da cikakken kaya, don haka a ƙara wa ringin fistan tazara, a sa wa baƙin mai abin sanyaya. Ƙarfin da ke amfani shi ne na ƙasa da tsakiya, wanda zai ɗaga jirgi ya hau saman ruwa. Lambar da ke jikin akwati ta can ƙololuwa ce. Farfela ita ce giyarka, inci ɗaya na murɗinta kan canza juyi da kusan 200. A duba ƙafar da ke tura farfelar kafin a yi zumuɗin doki: ƙirar MerCruiser mai suna Alpha One iyakarta doki 300, Bravo One ta yau da kullum doki 400. Na'urar auna iskar hayaƙi ta mota ba ta daɗewa inda ruwa ke taɓa ta. A kunna fankar ɗakin inji ta yi minti 4 tana fitar da tururin fetur kafin a taɓa makulli, ko kwastoma na ƙorafi.

Ga matasanmu masu shigowa wannan aiki, musamman baƙi irina da takardar zamansu ke rataye da aikin: in ka ga matsala, faɗar baki ba ta isa ba. Rubuta a takardar aiki, ka sa kwanan wata, ka ɗauki hoto. Ka yi ladabi, amma ka rubuta.

Yaron da ya gaji bencina ya kira ni shekaranjiya, wai an sauke wani akwatin, wannan karon babban inji ne, 502, wato mai lita 8.2. Na ce ya tambayi oga wane kamshaf za a sa da wace gwiwa, ta saƙon waya, ya kuma adana amsar.