Uban da Ba Ya Tambaya a Gajerun Labaranmu

Koyar da adabin Hausa a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke ƙasar Ringim ya sa na karanta gajerun labarai da yawa, na ɗalibaina da na masu sakin nasu a Facebook, musamman tun daga 2016 da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata, wadda ta zaburar da 'yan mata wajen rubutu. Akwai jigon da ba ya ƙarewa a cikinsu. Uba ya kai bijimin nomansa kasuwar Maigatari ya sayar, ya tura ɗansa jami'a a Kano ko Dutse, yaron ya watsar da karatu yana ci gaba da karɓar kuɗin rajista, har ranar da asiri ya tonu, tsohon ya yanke jiki ya faɗi. Idan budurwa ce, uwa ce ke rantsuwa cewa Islamiyya kaɗai 'yarta take zuwa.

Abin da na fahimta shi ne, ƙarancin filin rubutu ne ke makantar da iyayen cikin waɗannan labarai. Gajeren labari yana son abin mamaki a ƙarshensa, kuma hanya mafi sauƙi ga marubuci ita ce ya hana uba ganin komai har sakin layi na ƙarshe, ko da hakan zai mayar da dattijo mai hankali sakarai.

Iyayen da nake zama da su a ofishin shugaban makaranta ba haka suke ba. Mutumin da ya yi karatun allo yana karanta ajami sarai, amma sakamakon WAEC da NECO da Turanci yake zuwa, ta intanet ake duba shi, kuma sau da yawa wanda ake zargi shi ne kaɗai mai iya karanta masa. Ga kuma kunya, domin uwar da ba ta ko ambaton sunan ɗanta na fari ba za ta titsiye shi da tambaya ba, sai dai ta aika ƙanwarta ko kakarsa. Sannan mutanenmu suna tsoron bakinsu a kan 'ya'yansu, don haka ko zuciya ta raya musu mugun abu, "Allah ya shirya" za ka ji. Wani uba da na kira kan fashin makarantar da ɗansa ke yi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na riga ka sani, amma idan na faɗa da bakina, wa zai ba shi 'ya gobe?"

Saboda haka idan ɗalibi ya kawo mini irin wannan labari, nakan tambaye shi inda sauran mutanen garin suke. A ƙauyen da direban motar kasuwa ya san unguwar da kowane yaro yake kwana a birni, kuma kishiya ba ta raina abin faɗa, da wuya a yi shekara ana yaudarar uba labari bai iso zaurensa ba. Nakan ce ya nuna mini ranar da labarin ya iso, da abin da ya sa tsohon ya haɗiye shi ya sake aika kuɗi. Labaran da suke dawowa bayan wannan gyara sun fi ba ɗalibai wahala, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke ƙarewa da hawan jini a gadon asibiti.