Shekarar ɓera, shekarar dinya

A watan Fabrairu na hau moto daga Zinder zuwa Gidimuni gaida kawuna, wanda yake da garkar rake da 'yan itatuwan dabino a bakin tafki. Da asuba, sanyi na ratsa ƙashi, muka zauna a gindin dabino yana hura wutar shayi. Can tsakiyar ruwa ga dinya biyu, baƙaƙe da fari-fari a cikinsu, manya kamar 'yan tumaki. Kusa da su kuma wasu ƙananan agwagi ne birjik, mazansu da farin layi bisa ido kamar an ja musu alli.

"Waɗannan ƙananan baƙi ne," in ji Kawu. "Da zafi ya shigo za ka neme su ka rasa. Wata shekara su rufe ruwa, wata shekara 'yan tsiraru. Kai da kake karantar da yara ilimin halittu, me ke kawo haka?"

Na ce, "Kawu, daga Turai da Rasha suke, sun ƙetaro Sahara." Sauran amsar ban iya ba shi nan take ba. Sai da na dawo gida na zauna na tattara abin da na karanta, na ga cewa inda aka fi gane wannan al'amari shi ne wajen dangin dinyarmu na can ƙuryar arewa, waɗanda ma ba sa isowa ƙasarmu.

Akwai wata ƙaramar dinya mai baƙin wuya da ke ƙyanƙyasa a Taimir, arewacin Saibiriya, ta yi hunturu a gaɓar tekun Holan da Ingila da Faransa, tafiyar kimanin kilomita 5,000. Duk wanda ya taɓa noma a Damagaram zai gane halinta. Ƙanƙara ba ta barin ƙasar sai na wata uku ko ƙasa da haka, kamar damanarmu. Cikin wannan ɗan lokaci za ta yi sheƙa, ta kwanta a kan ƙwai kwana 24 zuwa 26, 'ya'yan su yi kusan kwana 40 kafin su iya tashi. In ƙanƙara ta makara wajen narkewa, shuka ta makara ke nan, da yawansu ba sa ma yin ƙwan. In kuma ba ta samu ciyawa ta yi kitse a Turai kafin ta taso ba, ta iso ba guzuri, don da kitsen jikinta take kwanci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓera. A can akwai wani ɗan ɓera da ake kira lemin, wanda duk shekara uku ko huɗu yake yin ambaliya, sannan ya ɓace kamar an share. Shekarar da ya yi yawa, yanyawar ƙanƙara ta ƙoshi da shi, ba ruwanta da ƙwan dinya. Farar mujiya ma a irin wannan shekara take sheƙa, tana korar yanyawa daga kewayenta, sai dinya ta raɓu da ita ta yi tata sheƙar a tsare. Shekara mai zuwa ɓera ya ƙare, ga yanyawa ta hayayyafa, ga yunwa, sai ta bi sheƙa ɗaya bayan ɗaya ta kwashe ƙwai. Mu nan ɓera ne ke tone mana iri bayan shuka, muna tsine masa. Can kuwa shi ne garkuwar 'ya'yan dinya.

Yadda aka gano haka ma ya burge ni, don ba wata na'ura mai tsada ba ce ta fara nunawa. Mutane ne ke tsayawa bakin teku da tabarau mai hangen nesa suna ƙirga garke. Ɗan bana yana da fari-fari a gefen gashin fiffike, babba ba shi da shi. Wata shekara kashi ɗaya cikin uku ko fiye 'ya'ya ne, wata shekara ka duba ɗari da ƙyar ka ga ɗaya. Bafulatani ma haka yake duba maruƙa ya gaya maka yadda damina ta kasance a inda ba ka je ba.

Hannun mutum ma yana ciki. Dinya mai farar fuska ta tsibiran Sibalbad, can arewa da ƙasar Norway, wadda ke hunturu a iyakar Sukotlan da Ingila, ta ragu zuwa kimanin 300 a ƙarshen shekarun 1940. Aka hana harbinta, aka keɓe mata makiyaya, ta haura 40,000. Sai murar tsuntsaye ta hunturun 2021 zuwa 2022 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ciwo mun san shi, tun da aka tabbatar da shi a Magarya a 2006, mutane suka yi asarar kaji da agwagi.

Baƙin Gidimuni kuwa, rabin arzikinsu a hannunmu yake. In tafki ya ƙafe da wuri, ko kacalla ta cinye bakin ruwa, ko aka yi ta zuba musu raga, da ramammen jiki za su tunkari Sahara. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk shekarun da nake zuwa wurin nan ban taɓa rubuta adadinsu ko sau ɗaya ba.

Da na buga wa Kawu waya na ba shi labarin ɓera da yanyawa, ya yi shiru jim, sannan ya ce, "To ɗana, baɗi ka zo da yaran lakwal ɗin naka da littafi. Ni zan nuna muku lungun da suke kwana, bayan garkar rogo, amma sai kun iso kafin rana ta fito."