Zaɓen kujera a gajeriyar tafiyar jirgi mai araha

Yawancin kamfanonin jirage masu araha Boeing 737 ko Airbus A320 suke amfani da su: kujeru shida a kowane sahu, hanya a tsakiya. Kujeru masu harafin A da F su ne na taga, C da D bakin hanya, B da E kuwa tsakiya, inda ba taga ba sararin motsi. Tazarar sahu da sahu inci 28 zuwa 30 ce, dogon mutum gwiwarsa na gogar kujerar gaba har a sauka.

Shi ya sa kowa ke rububin sahun ƙofar gaggawa da ke saman fiffike. Wurin miƙe ƙafa kam akwai, amma da sharaɗi. A kamfanoni da yawa ba a ajiye jaka a ƙasa lokacin tashi da sauka, komai sai a ma'ajiyar sama, ba a zaunar da yara ko mai goyo, kuma ma'aikatan jirgi na iya tayar da duk wanda suka ga ba zai iya buɗe ƙofar ba, ko da ya biya. Sahun da ke gabansa kuwa tarko ne, kujerunsa ba sa kishingiɗa don kada su tare mafita. Sahun farko ma da nasa aibin: teburin cin abinci a cikin madafar hannu yake, ba ta ɗaguwa, mazaunin ya ƙara matsewa.

Mai jin jiri ya nemi saman fiffike, nan ne tsakiyar nauyin jirgi, gargada ba ta kai ta wutsiya ba. Can baya ga ƙarar inji, ga masu layin banɗaki tsaye a kanka. A wasu 737 akwai kujerar taga a hagu, gaba da fiffike kaɗan, da babu tagar sam sai bango, saboda bututun iska ya bi ta wurin. A duba taswirar kujeru kafin a biya.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙofar fita. Idan jirgi ya tsaya a fili aka kawo matakala gaba da baya, na sahun ƙarshe yakan riga na tsakiya sauka. Idan kuwa ta gadar da ke haɗa jirgi da ginin tasha ake fita, ƙofar gaba ce kaɗai, na baya sai ya jira kowa ya sauke kayansa. Wanda zai kama wani jirgin ya sayi bakin hanya a sahu biyar na farko, kuɗin bai tafi banza ba.

In ba haka ba, tafiyar awa ɗaya ba ta cancanci ƙarin kuɗi ba. A bar kwamfuta ta zaɓa lokacin rajista ta intanet, sai dai a sani tana iya raba mutum da abokin tafiyarsa, kuma ko kujerar da aka biya takan canja idan aka sauya jirgi.