Abin da LM317 Ya Koya Mini Kafin Na Bar Shago

Ƙarshen watan nan zan tattara kayan aikina in bar shagonmu na Terminus, kuma har yanzu batun fawa sufulai ɗin nan, wato na'urar ba wa kayan lantarki wuta, bai bar raina ba.

Oga ne ya ce in haɗa mana na gwaji, wanda za a riƙa ƙara masa wuta ana ragewa. Ya ba ni taransfoma mai 24V da ya ciro daga wata tsohuwar amfilifaya, da LM317 guda ɗaya, wato regileta mai daidaita ƙarfin wuta, da ya sayo a araha. Na ce masa, "Oga, in wutar nan ta bi ta diyod da kafasito za ta kai kusan 33V. In muka sauke ta zuwa 5V, kaya na jan 1A, wat 28 ke nan za su koma zafi a jikin ɗan abin nan." Na nemi kuɗin babban ƙarfen sanyaya. Ya yi dariya, ya ce a Jos muke, lokacin hunturu kuma, sanyin gari ma ya ishe shi.

Laifina shi ne na yi shiru na ɗaura shi a kan guntun alminiyom da bai kai tafin hannu ba. LM317 na asali yakan rage wuta da kansa in ya yi zafi fiye da kima. Namu jabu ne. Ranar da muke gwada fanel ɗin dikodar wani Alhaji, sai LM317 ɗin ya ƙone daga ciki, ya saki 33V gaba ɗaya a kan layin 5V. Ƙauri kawai muka ji. A gaban Alhajin Oga ya ce, "Aikin yaron nan ne, ba ya jin magana." Wata biyu ana cire kuɗin dikodar daga ɗan abin da nake samu. Ban ce uffan ba, amma ban manta ba.

Da kuɗina na sake haɗawa. Na nemo taransfoma mai 12-0-12, wato mai iya ba da 12V ko 24V, na sa makunnin da zai zaɓi 12V in ƙaramar wuta ake so, don kada regileta ta riƙa haɗiye ragowar. Na koma LM338 mai ɗaukar 5A, na sa maika, wato ɗan fallen da ke hana wuta wucewa, tsakaninsa da ƙarfen sanyaya, tunda jikin LM338 ɗin a haɗe yake da wutar da ke fita. Kafasito 50V, ba 35V ba, saboda NEPA ba ta da alƙawari. Bolum kuma, wato abin murɗawa a ƙara wuta ko a rage, mai kyau na sa, don na araha in ya saki daga ciki wuta sama take tashi.

Ku da za ku ci gaba da zama, ku gwada da kwan mota kafin ku jona kayan mutane. Fis kuma ba ado ba ne.

Shekara uku ke nan fawa sufulai ɗin yana kan bencin Oga bai taɓa yin tari ba. Jiya ma na ji yana gaya wa wani kwastoma cewa shi ya haɗa shi.