Kafin ka goge tsohon kwafi, nemo abin da ya hana sabo

Ƙannena masu shiga aikin kula da kwamfutoci a ofisoshin Damagaram, ba da jimawa ba wani zai miƙa muku akwatin ajiya na rezo, wanda ake kira NAS, ya ce ku haɗa shi da kwamfutocin ma'aikata don kowace ta riƙa zuba kwafin fayilolinta a ciki. Haɗawar ba wani abu ba ne. Rigimar tana zuwa ranar da kwafin ya daina tafiya, kuma ba ya ihu idan ya tsaya. Wani ɗan saƙo ne zai leƙo a kusurwar allo, mai kwamfutar ya rufe shi ya ci gaba da aikinsa, watanni su shuɗe.

Ni a kan kwamfutar Hajiya mai lissafin kuɗinmu na sha tawa. Historique des fichiers, manhajar Windows mai yin kwafin, ya riƙa tsayawa a tsakiyar aiki. Na kashe na kunna, ya ƙi. Sai na yi abin da hannu ya fi saurin yi: na shiga akwatin na share foldarta kaf, wai in fara sabo fes. Sabon ma ya cije a wuri ɗaya. Ashe akwatin lafiyarsa lau, faifan da ke cikin kwamfutarta ne ke mutuwa, shi ya sa ake kasa karanta wasu fayilolin. Kafin in farga ya fara ƙas-ƙas, ya yi shiru. Garin neman gira muka rasa ido. Hajiya ta tsaya a kaina ta ce, “Ɗana, na cikin akwatin fa?” Takardun albashi da rasidai sai da muka sake shigar da su da hannu daga kwalaye.

Saboda haka idan kwafi ya ƙi tafiya, tsohon da ke cikin akwati kada ku taɓa shi. In dole sai kun fara sabo, ku canja wa tsohuwar foldar suna, ko ku kwashe ta zuwa wani faifai. Masu Mac su kula sosai: wani lokaci Time Machine, mai yin kwafi a Mac, kan ce ya bincika ajiyar, yana son fara sabuwa, kuma in kun amince tsohon tarihin ya tafi. Ku ɗage shi tukuna, ku kwafi fayil ɗin nan mai ƙarewa da sparsebundle zuwa wani wuri. Sannan ku duba lafiyar faifan kwamfutar da ƙaramar manhaja irin CrystalDiskInfo. In ta nuna rawaya ko ja, ku bar komai ku kwashe fayilolin da suka fi muhimmanci a ranar.

In faifan lafiya yake, ku fara daga wuta, don a garin nan yawancin ciwon daga nan yake tasowa. Wanda ya yi aiki a 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya san abin da nake nufi. Duk sanda kuran ya ɗauke ya dawo, akwatin wifi yana sake raba wa na'urori lambobi. NAS ɗin da jiya yake 192.168.1.20 yau ya koma 192.168.1.34, kwamfuta kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar lamba, har ta gaji ta fito da 0x80070035, wato ba ta ga hanya ba. Ku buga ping, umarnin da ke gwada ko na'ura na amsawa, da lambar, in ba amsa kun gano bakin zaren. Maganin shi ne ku shiga saitin akwatin wifi ku keɓe wa NAS lamba ɗaya ta dindindin. Ku kuma sa shi a kan ondilar, batirin nan mai riƙe wuta, tare da akwatin wifi ɗin. Abin da na daɗe ban sani ba shi ne amfanin wayar USB da ke zuwa da ondilar: ita ke gaya wa NAS wuta ta tafi, ya kashe kansa a natse kafin batiri ya ƙare. Ba ita, yana cikin rubutu za a datse shi, kuma haka ajiya ke lalacewa.

Akwai kuma wani abu da ba za ku gani a littafi ba. Idan intanet ɗin ofis ya yi nauyi, ma'aikata kan jona kwamfutarsu da wifi na wayarsu. Saƙonni na shiga, komai na tafiya, amma kwamfutar ta fita daga rezon ofis, ba ta ganin akwati. Na taɓa kwance saiti iri-iri kafin in kalli sunan wifi ɗin da ke ƙasan allo. Haka kuma masu sa kwafi ya tashi da dare, alhali kwamfutar tana cikin jaka a bayan kabu-kabu ta nufi Birni ko Zango. Ku sa shi lokacin aiki, ku gaya wa mutane rufe murfi yana sa ta barci. Kwafin farko kuwa, mai nauyin, ku yi shi da kebul na rezo, ba da wifi ba.

Sai kalmar sirri. In kun canja ta a akwati, Windows tana nan riƙe da tsohuwar a cikin Gestionnaire d'identification, tana ta miƙa ta ana korar ta. Ku goge tsohuwar a can ku shigar da sabuwa. Na kuma yi wautar bai wa kowa suna ɗaya, na mai iko da akwatin, don in huta da tambaya. Ma'anarsa kowa na iya share na kowa, kuma ƙwayar cutar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, in ta shiga kwamfuta ɗaya, za ta bi ta kulle na ofis duka. Kowa a ba shi sunansa, da foldarsa, da iyakar wurin da zai ci.

In akwatin tsoho ne, kuna iya tarar da shi yana magana da SMB1 kaɗai, tsohuwar hanyar raba fayil da ƙwayar cutar WannaCry ta bi ta yi ɓarna a duniya a watan Mayu na 2017. Tun daga fitowar Windows 10 mai lamba 1709, Microsoft ta fara cire ta daga Windows. Za ku ga masu bidiyo suna cewa ku kunna ta kawai. Kada ku bi. Ku sabunta manhajar akwatin, ku kunna SMB2 ko SMB3 a cikinsa.

Wuri a akwati ma kan cika ba labari. Historique des fichiers, in ba ku canja ba, kowace awa yake kwafi kuma ba ya zubar da tsofaffi. Ga bidiyon biki da na suna da ake jibgewa a kan allo, ga kwandon shara na akwatin da ba mai zubarwa. In kuma fayil ɗaya ko biyu ne kawai ke ƙi, ku dubi tsawon sunansu. Mun iya raɗa wa takarda suna mai tsawon jimla da Faransanci, a cikin folda, a cikin wata foldar, Windows kuwa kan cije idan hanyar ta wuce haruffa 260.

Kada ku kulle akwatin cikin kabad don tsoron ɓarawo. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, kuma ƙananan akwatunan nan galibi iyakar abin da aka gina su su jure ke nan. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankar. Ku ba shi iska, ku riƙa busa shi.

Ranar da na share foldar Hajiya, na ɗan kwantar da hankalina da cewa akwatin faifai biyu gare shi. Faifai biyun madubin juna ne, tsarin da ake kira RAID 1: abin da ka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take. Yana ceton ka ne kawai idan faifai ɗaya ya mutu. Don haka ku samu faifan waje, ku riƙa kwashe abin da ke akwatin a kai, a ajiye shi a wani gini daban.

Kuma ku ware rana a mako, ko da safiyar Juma'a ce kafin a tashi, ku bi folda-folda ku duba kwanan watan kwafin ƙarshe na kowa. Daga nan ku zaɓi fayil ɗaya, ku maido da shi wani wuri dabam, ba kan na asali ba, ku buɗe shi ku ga ko lambobin da ke ciki na wannan makon ne.