Gajiyar MS, ƙwayoyi uku da katin inshorata

Cikin duk abin da cutar MS, wato multiple sclerosis, ta zo mini da shi, gajiya ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙafar dama da nake ja kowa yana ganinta, har masu Keke Napep na layinmu a Tumfure sun san su tsaya mini daf da ƙofa. Gajiya kuwa ba ta da shaida. Mutum ya gan ni da kwalli da mayafi, na ɗan yi ƙiba ma, sai ya ce, "Ai Hajiya kin warware, sai godiya."

Ga wanda bai san cutar ba, garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na lakar gadon baya. Kamar wayar lantarki ce da robarta ta zazzage: wuta tana wucewa, amma da ƙyar, tana zuba a hanya. Ƙididdigar shekarar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma ta fi kama mutum tsakanin shekara 20 zuwa 40. Kusan uku cikin huɗu na masu ita suna fama da gajiya. A nan wajenmu ba kasafai ake gano ta ba, domin sai an yi hoton MRI, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da laka, sai kuma likitan jijiyoyi ya karanta shi. Kafin a kai nan, an sha maganin taifot da maleriya har an gaji, an yi turaren iska, an sha rubutu.

Wannan gajiyar ba irin ta wanda ya yi wanki da daka ba ce, wadda barci ke wanke ta. Ina iya tashi da Asuba garau, in shirya yara, in je ofis. Ana kiran Azahar sai abin ya sauko. Biro yana hannuna, takarda tana gabana, na san abin da zan rubuta, amma ɗaga hannun ya zama aiki. Idan na dawo gida na ɗora tuwo, ina cikin tuƙi sai muciya ta tsaya a tsakiyar tukunya, in jawo kujera 'yar tsugunno in zauna ina kallon tuwon yana gudaji, in kira babbar 'yata ta ƙarasa. Zafi shi ne babban abokin gabarmu. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Uhthoff, ya lura cewa alamomin cutar suna tsananta idan jiki ya ɗau zafi, saboda jijiyar da rigarta ta lalace ba ta jure ɗumi. To ku auna da Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ga wuta ba ta zama.

Da na kai kuka wurin likitana, bai ɓoye mini ba. Ya ce babu wani magani da aka yi domin gajiyar MS. Duk abin da ake bayarwa aro ne daga wata cutar. Wannan magana ita ce tushen rigimar inshora, zan dawo kanta.

Na farkon da ya rubuta mini shi ne amantadin. Asalinsa maganin mura ne, Amurka ta amince da shi a 1966, daga baya aka lura yana taimakon masu cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki, daga nan ya gangaro zuwa wurinmu. Miligiram 100 ake sha, sau ɗaya ko sau biyu a rana, kuma na biyun ba ya wuce tsakar rana, in ba haka ba a kwana ana juyi. Ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki, shi ya sa sai da aka gwada mini ita tukuna. Yana busar da baki, yana iya kumbura idon sawu, kuma ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa. Ni dai na ji ɗan sauƙi da shi, musamman tsakanin Azahar da La'asar. Ɗan sauƙi na ce.

Na biyu modafinil, wanda ake sayarwa da sunan Provigil. An yi shi ne don masu cutar da barci ke kwashe su da rana tsaka ba shiri, an amince da shi a Amurka a 1998. Shi ne wanda aka fi zuzutawa a intanet. Yana sa ciwon kai, yana iya ɗaga hawan jini da bugun zuciya. Amma abin da nake so 'yan'uwana mata su ji shi ne wannan: yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a damtse, har zuwa wani lokaci bayan an daina shan sa, kuma ba a ba mai ciki ko mai neman ciki saboda gudun tawaya ga jariri. Cuta ce ta mata masu shekarun haihuwa, amma ban taɓa jin mai kemis ya tambayi wata wannan ba kafin ya ce zai sa a kawo mata daga Abuja.

Na uku metilfenidet, wato Ritalin, wanda ake ba yara masu matsalar rashin natsuwa. Yana cikin magungunan da doka ta ɗaure saboda ana iya kamuwa da jarabarsa. Ban sha shi ba, likitana ma bai so.

Yanzu ga abin da ya sanyaya mini gwiwa da ƙwayoyin gaba ɗaya. An yi wani gwaji a Amurka, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet Neurology a 2021. Mutum 141 masu MS da gajiya, kowannensu ya sha amantadin na wasu makonni, ya sha modafinil, ya sha metilfenidet, ya kuma sha wata ƙwaya da babu komai a cikinta, ba tare da ya san wacce ce wacce ba. Da aka tattara, babu ɗaya cikin ukun da ya fi ƙwayar banzan nan rage gajiya. Abin da suka fi ta shi ne illa: kusan mutum 40 cikin 100 sun koka da magungunan, kusan 30 suka koka da ƙwayar da ba magani. An ga alamar cewa masu yawan gyangyaɗi da rana sun ɗan amfana da modafinil da metilfenidet, shi ke nan. Hukumar NICE mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, a ƙa'idojinta na 2022, ba ta rufe ƙofa ba. Ta ce likita yana iya gwada amantadin ko modafinil ko irin magungunan ciwon damuwa, bayan ya yi wa mara lafiya bayanin amfani da illa. Amma ta ce kada a yi allurar bitamin B12 da sunan maganin wannan gajiya. Na so a ce Goggona tana karatun boko in nuna mata wannan layin. Duk zuwan da za ta yi daga Kumo maganarta ɗaya ce: "'Yar nan, jini ne ba ki da shi. A yi miki allurar nan ja, a sa miki ruwa leda biyu, ki miƙe." Ni kuma in ce, "To Goggo, Allah ya sa a dace."

Wani maƙwabci kuma, da kyakkyawar niyya, ya taɓa aiko mini da tiramol, wai shi 'yan ga-ruwa da masu haƙar yashi ke sha su wuni suna aiki. Na mayar masa da godiya. Maganin ciwo ne mai sa jaraba, yana iya kawo farfaɗiya, ba shi da alaƙa da abin da ke damuna.

Mu dawo kan kati. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, don haka ina cikin tsarin inshorar lafiya da aka fara a 2005 da sunan NHIS, wanda ya koma NHIA bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a watan Mayun 2022. Tsarin ya ɗauki ma'aikaci da mijinta ko matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Idan an rubuta magani, kashi 10 cikin 100 kawai ake biya. A takarda abin gwanin sha'awa. Sai dai akwai jerin magungunan da tsarin ya yarda da su, kuma asibitin da mutum ya zaɓa ana biyan sa ne wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Kun ga mai ciwo irin nawa, wanda ba ya warkewa, ba riba ba ne a wurinsu. Ganin ƙwararren likita kuma sai an tura buƙata ga HMO, wato kamfanin da ke tsakanin asibiti da hukumar inshora wajen biyan kuɗi, ya aiko da lambar izini.

Ranar da na kai takardar amantadin tagar magani ta masu inshora, yaron da ke wurin ya juya ta, ya duba kwamfuta, ya leƙa ciki ya tambayi wata babba, sannan ya dawo ya zana layi da jan biro a gefen sunan.

"Hajiya, wannan ba mu da shi. Sai dai ki saya a waje."

"Ɗana, in na saya a waje za a mayar mini da kuɗina?"

"Wallahi Hajiya sai dai ki yi magana da HMO ɗinki."

Na yi magana da su. Wata yarinya mai ladabi ta tambaye ni ko ina da Parkinson. Na ce a'a. Ta ce to me ya haɗa ni da maganin Parkinson? A nan aron da likita ya faɗa ya fito fili. Mai biyan kuɗi yana duba sunan cuta ne, ya duba sunan magani, in ba su yi daidai da abin da ke littafinsa ba ya rufe littafin. Ba a Najeriya kaɗai ba ne. A Amurka ma kamfanonin inshora sukan nemi likita ya nemi izininsu tukuna kafin su biya kuɗin modafinil ga mai MS, a Turai kuwa hukumar magunguna ta taƙaita lasisinsa ga cutar barcin nan kaɗai. Bambancin shi ne mu nan ko mun yarda za mu biya da aljihunmu, samun maganin ma aiki ne, ga farashi da ya haukace tun da Naira ta faɗi a 2023, ga tsoron jabu. Duk abin da na saya sai na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ba na sayen wanda aka ɓare daga kwalinsa.

Da farko na ji haushi ƙwarai. Amma da na zauna na yi lissafi, inda katin ya yi mini rana ba a tagar magani ba ne, a ɗakin gwaji ne. Likitana ya ce kafin a ɗora wa MS laifin kowace gajiya, a duba abin da ke raɓe da ita. Aka auna jinina, ashe ya yi ƙasa, abin da ba baƙo ba ne ga macen da ta haihu kuma take al'ada mai yawa. Goggo ta yi gaskiya ta wani ɓangaren, sai dai ƙwayar ƙarin jini aka ba ni, ba allura ba. Aka gwada suga, aka gwada aikin tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya, aka gwada fitsari aka tarar da ƙwayoyin cuta a mafitsara, abin da ke yawan samun masu MS kuma yake tayar da duk sauran alamomin. Ya tambaye ni sau nawa nake tashi fitsari da dare. Ya duba baklofen da nake sha don ƙafar da ke sandarewa, wanda shi kansa yana sa kasala, ya mayar da mafi yawansa zuwa dare. Ya tambaye ni game da damuwa, tambayar da mu Hausawa muke amsawa da "Alhamdulillahi" ko muna kuka. Yawancin waɗannan inshora ta ɗauka ba gardama, kuma sauƙin da na samu daga gyara su ya fi na amantadin nesa ba kusa ba.

Kuɗin da na so in zuba a modafinil, ni da maigida muka sa shi a fanka mai aiki da sola da ƙaramar kula. Ƙanƙara nake saya da safe, in jiƙa tawul in ɗora a wuya idan rana ta take. Girki ya koma bayan Asuba da bayan Magariba. Tafiyar ƙafa kaɗan nake yi kafin rana ta fito, domin motsa jiki daidai ƙarfi yana cikin abin da bincike ya nuna yana rage wannan gajiya, ko da yake ranar da aka fara gaya mini na ɗauka ba'a ce. Azumi kuwa, tunda a shekarun nan yana faɗowa cikin zafi, na tambayi likita, na tambayi malami, na bi abin da suka ce.

Abin da nake ganin ya cancanci a yi faɗa a kansa da hukumomin inshora shi ne magungunan da ke rage wa cutar kanta gudu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa guda uku cikin jerin magungunan da take ganin dole kowace ƙasa ta tanada: kiladiribin, gilatirama da rituksimab. Ba sa kawar da gajiya kai tsaye, amma su ne ke rage yawan tashin ciwon da sababbin tabo a ƙwaƙwalwa, kuma kuɗinsu ne ke sa a sayar da fili.

Wata baiwar Allah daga Azare, mai ɗinki, ta aiko tana tambaya ko ita da ba ta aikin gwamnati tana da hanyar shiga inshora. Akwai. Jihar Bauchi tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, BASHCMA, mu a Gombe muna da GoHealth, ita ma NHIA tana da shirin GIFSHIP na wanda zai biya wa kansa ko iyalinsa kuɗin shekara. Kafin ki biya, 'yar'uwa, ki ce a nuna miki jerin magunguna da gwaje-gwajen da suke ɗauka, ki tambayi yadda ake yi da hoton MRI, ki kuma zaɓi asibitin da zai iya tura ki babban asibitin koyarwa, na ATBU a Bauchi ko na tarayya a nan Gombe, ba tare da an yi ta yawo da ke ba. Idan likita ya rubuta maganin aro irin amantadin, ki roƙe shi ya haɗa da wasiƙa mai hatimi da ke bayyana dalilin, ki yi hoton kowace takarda da rasit a wayarki kafin ki miƙa.